Na'Allah Mai Faci da Yawon Juma'a

Mutanen Illela da suka san Na'Allah Mai Faci da tsufansa sun san shi ne dattijo shiru-shiru, mai yatsu takwas, wanda zai gyara maka keke tsaf ba tare da ya tambayi daga inda ka fito ba. In ka ce musu a da shi ne sarkin barkwanci na bakin kasuwa, sai su ce ka rikice, wani kake nufi. To shi ɗin ne dai. A zamanin da kekunan Illela ba su kai goma ba, gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, bakinsa ja wur da goro, irin wanda in ya gaishe ka sai ya tambayi lafiyar akuyarka. Kowa ya san abu guda game da shi: ba ya taka ƙasar Faransi ko da za a ba shi raƙumi da kayansa.

Yana da dalilinsa. Ba haifaffen Illela ba ne. A wani ƙauye aka haife shi can arewa, tafiyar wuni guda a ƙasa, a gidan dukawa masu aikin fata. Yana goye Turawa suka zo suka auna daji, suka kafa turakun ƙarfe, suka ce kudu ta Ingilishi ce, arewa ta Faransi. Ba wanda suka yi shawara da shi, mutane kuwa suka ci gaba da auratayya da cin kasuwa da zuwa jana'izar juna kamar ba a yi komai ba. Sai da Faransi ya fara ɗibar samari zuwa aikin hanya aka gane turken nan yana cizo. Mai garinsu ya tara jama'a ya kira sunaye, na Na'Allah na ciki. Shi kuwa ya ga yadda waɗanda suka je suka dawo, ya kuma san gidajen da har yanzu ake jira. Da aka yi sallar asuba ya ƙunshe basillarsa da wuƙar yankan fata, ya miƙi kudu. Sunansa ya zauna a takarda a matsayin wanda ya gudu, mai gari ya sha wulaƙanci a kansa, ya kuma rantse sai ya mayar da shi. Tun daga ranar Na'Allah ya san iyakarsa: kudu da turke shi mutum ne mai sana'a, arewa da shi kuwa igiya ce ke jiransa.

Wanda ya fara ba shi ruwa a Illela shi ne Mukhtari, ɗan gidan fatake masu safarar gishiri da kanwa. Sa'o'in juna ne. Mukhtari ya roƙi mahaifinsa aka ba Na'Allah ɗaki a zaure, ya nemo masa rumfa kusa da masu igiya, kuma da Na'Allah ya tashi auren Hindatu, shi ya yi masa abokin ango. Tsohuwar Mukhtari ma Inna yake kiranta, tana kiransa ɗanta.

Faci kuwa tsintarsa ya yi. Wani masinja ne ya zo daga Sakkwato da keke, dutse ya tsaga masa taya, ya rasa inda zai sa kansa. Na'Allah ya duba ya ce ai wannan ba ta fi takalmi wuya ba, ya yanko fata ya shimfiɗa daga ciki ya ɗinke. Masinja ya koma gida lafiya, da ya sake zuwa ya kawo masa gwangwanin sholisho na liƙe faci da guntayen roba, ya nuna masa yadda ake yi. Sauran ya koya wa kansa da ɓata da gyarawa. Ba ya neman kwaryar ruwa in zai gano huda. Sai ya ciro robar ciki, ya ba ta iska kaɗan, ya jiƙa leɓensa na ƙasa, ya riƙa zagaya robar kusa da shi a hankali. Ko hudar ƙaya ce mai kamar bakin allura, leɓen nan sai ya ji sanyinta. Nasa keken kuwa da gawarwakin kekuna uku ya haɗa shi, haɗin gambiza sosai, ƙafar gaba ta fi ta baya girma, amma bai taɓa kwana da shi a hanya ba.

Su huɗu ne masu yawon Juma'a. Da shi, da Mukhtari, da Abu tela, siriri mai son waƙa, da Dabo mai sayen fata, wanda in ya hau keke sai sirdin ya yi ƙara kamar yana neman agaji. Lahadi ta Turawa ce ta hutu, a Illela kuwa ranar nema ce, don haka su Juma'a suka zaɓa. Da an sauko daga masallaci sai kowa ya tattare babbar rigarsa ya ƙulle a ƙugu don kada sarƙa ta ci, a ɗaure gorar fura da ƙunshin nama a baya, a fita. Wannan mako Tozai, wancan Darna Sabon Gari, wani kuma Araba. Ba wurin kowa za su ba, ba kuma sauri suke yi ba. In yashi ya yi yawa su sauka su tura suna zagin Dabo, wai nauyinsa ne ya nitsar da hanya. Wani Bafulatani ya taɓa tare su da gaske yana tambaya ko dokin ƙarfen nan yana haihuwa, Na'Allah ya ce masa yana yi, amma sai an yi shekara bakwai ana ba shi nono.

Doka ɗaya gare su, ita ma Na'Allah ne ya kafa ta: shi ne na ƙarshe kullum. Famfo da gwangwanin faci suna ɗaure a bayansa, duk wanda kekensa ya sami matsala ya tsaya inda yake, mai gyara na tafe. Ya hana su tura keke in taya ta sace, ya ce ƙarfen yana tauna roba, wanda ya yi haka kada ya zo masa da kuka. Yana alfahari da cewa a yawon nan ba a taɓa barin kowa a baya ba.

A hanyar Araba akwai wata tsamiya mai inuwa inda suke yada zango, turken iyaka na gabanta kaɗan. Sauran ukun sukan wuce shi su dawo don tsokana, Dabo har ya kan jingina da shi ya yi hamma. Na'Allah dai yana gindin tsamiya yana dariya, yana cewa shi da turken sun gaisa tun tuni, gaisuwa ɗaya ta isa. Shekara bakwai bai ƙara taku ɗaya ba.

A kakar shekara ta bakwai ɗin ce aka kama Yari, ƙanin Mukhtari, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya kai kanwa wata kasuwa a ƙasar Faransi ranar Litinin, bai dawo ba, sai jakunansa aka koro. Labari ya zo cewa mai garin ƙauyen su Na'Allah ne ya sa aka riƙe shi, wai mutanen da aka ce ya kawo aikin hanya ba su cika ba. Yari ko wata uku bai yi da aure ba. Mukhtari ya ƙetara sau biyu neman sulhu, yana dawowa shi kaɗai. Na'Allah ya rufe rumfa ya je ya zauna da shi a zaure, ya ji kukan Inna daga cikin gida, zuciyarsa ta karye. Ya ce wa abokinsa in akwai abin da zai iya yi, kome ne, ya faɗa. Mukhtari ya dube shi ya ce ya dai taya su da addu'a.

Ranar Juma'a Na'Allah bai ma zaci za a fita ba. Sai ga Mukhtari da kekensa a ƙofar gida, ya ce zaman gidan ya ishe shi, ƙirjinsa ya cushe, yana so ya sha iska. Shi ya zaɓi Araba. Na'Allah ya ji daɗi har ransa, ya ce ai haka ya kamata, baƙin ciki in ya sami mutum zaune sai ya danne shi. Ya leƙa ya ce wa Hindatu sai la'asar sakaliya, ya ɗaga 'yarsu Ummu da ke rarrafe ya sauke, ya ɗaure famfo.

Yawon ranar ya yi daɗi, abin haushin ke nan. An yanke gero, dammuna na jingine a gonaki, dawa kuwa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Hanya ta yi tauri bayan damina, kekuna na tafiya sumul. Abu ya yi waƙa har muryarsa ta dushe. Dabo ya faɗa cikin wani rami ya tashi yana rantsuwa cewa ramin ne ya taso ya tare shi. Wasu manoma suka ba su kankana biyu, suka fasa a gindin tsamiya. Da aka buɗe nama, Dabo da kansa ya zaɓi tsoka mafi girma ya miƙa wa Na'Allah, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, aka yi ta dariya. Mukhtari ne kaɗai bai ci ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa.

Da la'asar ta kawo jiki, Abu da Dabo suka ɗauki buta suka ce za su rijiyar bayan gonaki su ɗebo ruwan alwala. Mukhtari ya hau kekensa ya ce zai ɗan matsa gaba, ko ya hangi hanyar da aka bi da ɗan'uwansa. Na'Allah ya bar shi, ya kishingiɗa yana tauna goro. Ya ga ya wuce turke, ya yi kamar taku hamsin, ya sauka, ya sunkuya wajen ƙafar baya. Can sai ya ji kira, wai taya ta sace.

Na'Allah ya miƙe ya ɗaga murya ya ce ya kawo ta nan. Mukhtari ya ce wurin duk tsakuwa ne, ai shi ya hana su turawa. Na'Allah ya ce to ya saɓo keken a kafaɗa. Mukhtari ya zauna a ƙasa ya riƙe idon sawunsa, ya ce ya gurɗe wajen sauka, ba ya iya takawa.

Na'Allah ya tsaya yana duban hanya. Ba kowa, ko tsuntsu bai tashi ba, dawa tana tsaye dama da hagu ba ta motsi. Gabansa ya faɗi, ya ji shi sarai. Amma ga mutumin da ya ba shi ruwa ranar da ya zo garin nan da ƙunshi ɗaya, yana zaune cikin rana da ciwon ƙafa, ɗan'uwansa a hannun Faransi. Faci ɗaya kuma nawa yake? Kafin a tafasa ruwa ya gama. Sabo turken wawa, in ji masu magana, shi kuwa ya saba in an kira shi ya je. Ya kwance famfo da gwangwani, ya bar kekensa a jingine da tsamiya, ya yi bisimilla ya wuce turken.

Ya kifa keken, ya durƙusa, ya ɓalle taya, ya zaro robar. Ya ba ta iska, ya jiƙa leɓe, ya zagaya ta. Bai ji komai ba. Ya ƙara iska ya sake zagayawa, a hankali fiye da na farko, yana cewa a ransa tsoro ne ya kashe masa leɓe. Robar lafiyarta ƙalau. Sai ya kai yatsa kan bawul, inda ake ɗura iska, ya ji shi a kwance, an murɗe shi da hannu. Ya ɗaga kai. Mukhtari na tsaye a kan ƙafafunsa biyu, yana kallon ƙasa.

"Mukhtari," in ji shi, "wagga roba ba ta huje ba."

Mukhtari ya kau da kai gefe.

"Kai ni ka tambaya. Wa yak kwance bawul?"

"Inna kwananta huɗu ba ta sa komi baki ba," in ji Mukhtari. "Sun ce in na kawo ka su sake shi. Ciki guda munka hito, Na'Allah. Mi za ni yi?"

Dawa ta motsa. Askarawa uku masu jajayen huluna suka fito, da wani bafaden mai gari da Na'Allah ya sani tun suna yara, da Yari a tsakiyarsu ana jansa, hannuwansa a ɗaure. Taku hamsin ne tsakaninsa da turke, kuma Na'Allah ba rago ba ne wajen gudu. Daga baya ya sha tambayar kansa me ya hana shi. Ya dai zauna da roba a hannu yana kallon abokinsa.

Abin da ya biyo baya ya fi kamun ciwo. Aka kwance Yari, sai aka ga ba ya iya tafiya, ƙafafunsa sun kumbura, dole a goya shi a keke. Ga keke a kife, ga roba a waje, Mukhtari kuwa ko sau ɗaya bai taɓa mayar da ita da hannunsa ba, tunda kullum akwai mai yi masa. Babban askarawan ya yi dariya, ya zunguri Na'Allah da gindin bindiga ya ce ya ƙarasa aikinsa. Ya mayar da robar, ya zaunar da taya, ya ɗaure bawul, ya buga iska har ta yi tauri, ya matsa da babban yatsa kamar yadda ya saba. Sa'an nan aka ɗaure shi da igiyar da aka kwance wa Yari, ɗumin jikinsa bai ma bar ta ba. Yana tsaye ya ga Mukhtari ya ɗora ƙaninsa a baya ya taka, ya wuce turke bai waiwayo ba.

Shekara uku ya yi yana fasa dutse a wata hanya can arewa mai nisa. A shekara ta biyu dutse ya faɗo masa a hannun hagu ya tafi da yatsu biyu. Bai riƙe askarawa a zuciya ba, su aikinsu suke yi, kuma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mukhtari ne ya tsaya masa a wuya. Wani lokaci ya ce da shi ne aka kama wa ɗan'uwa, wa ya san abin da zai yi. Wani lokaci kuma ya tuna yadda mutumin nan ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙafa, sai haushin ya dawo masa sabo. Da Mukhtari ya zo masa kai tsaye ya ce ga halin da ake ciki, wataƙila da ya je da ƙafarsa, ko ba komai ya yi sallama da iyalinsa. Wannan ne bai iya yafewa ba.

Abin da ya riƙe shi a shekarun nan shi ne Abu da Dabo. Ya kan zauna ya ƙiyasta yadda suka dawo daga rijiya da buta suka tarar da keke ba mai shi, yadda Dabo ya shaƙe wuyan Mukhtari, yadda Abu ya yi kuka. In ya idar da salla sai ya ambaci sunayensu bayan na iyayensa. Ya ce wa kansa cikin uku an sami ɗaya ruɓaɓɓe, biyu na nan, mutum bai yi asara duka ba.

Da wa'adinsa ya cika aka ba shi wata 'yar takarda aka sallame shi. Ya shigo Illela da hantsi, a rame, ba wanda ya gane shi sai da ya yi magana. Mukhtari ya daɗe da kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato, wai gari ya yi masa zafi. Hindatu na nan, ba ta je ko'ina ba. Ummu ta yi wayo tana gudu, ta ɓuya a bayan uwarta da ta gan shi. Kekensa na rataye a ɗaki an lulluɓe shi da tsumma. Ya duba gidan ya ga ba alamar yunwa, ya tambaya, maƙwabta suka ce ai Abu da Dabo ne, ba kakar da ta wuce ba su aiko da hatsi ba, da salla kuma Abu ke ɗinka wa yarinya kaya. Na'Allah ya sunkuyar da kai hawaye na zuba, ya ce ya sani, wallahi ya sani.

Washegari da safe ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a wadda yanzu ta yi masa yawa, ya aika aka sayo goro ya raba ƙunshi biyu. Ya ce zai fara da gidan Abu, in ya fito ya wuce na Dabo, ya durƙusa ya gode musu a gaban iyalinsu. Yana neman takalmi sai ya ga Hindatu ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya. Mace ce da ba ta taɓa tare masa hanya ba.

"Malam," ta ce, "kahin ka tahi godiya, akwai maganad da ni ka riƙe da ita shekara ukku. Hatsin hwarko da sunka kawo, ba bayan an kama ka ba na."

Ya dube ta bai gane ba.

"Ran Alhamis ta, kana rumhwa. Su biyu sunka zo da jakkai. Sunka ce in ruhe da zana bayan ɗaki, kada in hwaɗa maka sai kun komo yawo. Na aza alheri na su ka son yi maka ba zato." Ta share ido da gefen zane. "Da anka kawo keke babu kai, san nan nig gane. Na ci, Malam, na ba ɗiyarka ta ci, don ba mu da wani. Amma ba ni barin ka durƙusa musu."

Na'Allah na tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa. A waje mai tallan koko na wucewa, Ummu na leƙensa ta bayan turmi. Ya ajiye ƙunshin goron a kan tabarma, ya zauna kusa da su a hankali, kamar wanda ya yi doguwar jinya.

"Dami nawa sunka kawo?"

"Shidda."

Ya gyaɗa kai, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ashe sun san za ni daɗewa," in ji shi.